Tafiyar Luba a Cikin Ƙwarya

A Karakkai ta ƙasar Bunguɗu, idan aka ce Yari gyartai to an gama kwatance. Sana'arsa ɗinke fasassun ƙorai, da basillarsa da zaren kaba da wata 'yar wuƙa da yake gasawa a wuta ya yi wa ƙwarya zane. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce shi. Ko gaisuwar mutuwa ya je, idan ya hango tabarma ta ɗan goce sai ya miƙa ƙafa ya daidaita ta kafin ya ce Allah ya jiƙan rai. Mutane suna yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Sai ga shi matar da Allah ya haɗa shi da ita, Luba, ɗingishi take yi. Kurkunu ne ya fito mata a gwiwar hagu tun tana yarinya, ya warke ya bar ƙafar a sandare. Ba ta son a kalle ta idan tana tafiya, Yari kuma ya gane haka tun makon farko na aurensu. Da ta miƙe za ta ɗebo ruwa sai ya sunkuyar da kai a kan ɗinkinsa har ta dawo ta zauna. Ranar kasuwa kuwa, ko ta Bunguɗu ko ta Gusau ko can Tsafe mai kwana a hanya, tafiya suke yi irin ta kowane miji da mata a wancan zamani. Shi a gaba da jakar kayan aikinsa, ita a baya da kwandon zare a ka, don kaɗi take yi, kuma zarenta ba ya kwantai.

Shekara biyu ko uku bayan shigowar Nasara, wata Bafillatana ta kawo masa babbar ƙwaryar nono wadda gindinta ya huje. Ya duba ya ce ta wuce gyara, matar ta yi tsaki ta bar masa ita. Yari ba ya zubar da abu. Ya soka ta a kan wata 'yar sanda da ya kafa a tsakar gida, bakinta sama, yana yankar siraran maho daga gefenta idan aiki ya buƙata. Saboda halin nan nasa, ba ya yanka sai ya auna da tsinke, har gefen ƙwaryar ya zama 'yan tagogi goma sha biyu masu tazara ɗaya. A cikinta kuma yake gwada zafin wuƙarsa, ɗigo nan ɗigo can, wani sama wani ƙasa.

Wata hantsi Luba tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafar nan tata, audugarta ta ƙare. Hannun da ya saba murza mazari ba ya iya zama haka kawai, sai ta kai shi ta murza ƙwaryar a kan sandarta. Ta ƙura ido ta cikin tagogin.

"Maigida," ta ce, "ɗigon ga naka shina tsalle."

"Wane ɗigo kuma?"

"Zamna ƙasa ka leƙa. Ba ta sama ba, ta tagogin ga."

Ya ajiye basilla yana gunaguni, ya durƙusa, ta sake murzawa. Abin da ya gani ya sa ya manta da gunagunin. Ɗigon nan na cikin ƙwaryar sun daina zama tabon wuta, suna hawa suna sauka kamar ƙuma. Ya sa hannu ya tsayar da ƙwaryar, suka mutu a inda suke. Ya ce ta sake, suka tashi. Ran nan sai da 'yarsu Ma'u ta yi kukan yunwa kafin wani ya tuna da tukunya.

Damina guda cur Yari ya yi yana ɓata ƙorai kafin ya gane kan abin. Hoto goma sha biyu zai zana a cikin ƙwarya, kowane yana fuskantar taga ɗaya, kuma kowane ya ɗara na bayansa motsi da faɗin tsinke ɗaya, ba ƙari ba ragi. Wannan ita ce dokarsa, kuma ya riƙe ta kamar alwala. Kwaɗo ya fara yi, ya duƙa ya yi tsalle ya dira. Daga nan ya yi kaza mai tono, sannan mace mai daka. Abu ɗaya ne ya gagare shi, wato murzawar. Idan shi ya murza, ko kwaɗon ya haukace ko ya riƙa tsayawa a sama kamar an rataye shi. Hannun Luba ne kaɗai ya san daidai, don haka a kasuwa aiki ya rabu biyu: shi ya yi ta surutu yana tara mutane, ita ta zauna kai a sunkuye tana murzawa.

Magana ta kai kunnen liman, Malam Rabi'u, ya aika a kawo masa abin ya gani. Ya leƙa, ya ce a sake. Ya leƙa, ya ce a kuma sakewa. Sau biyar aka murza masa kwaɗon nan, wai don ya tabbatar da hukunci, alhali gemunsa sai rawa yake yi saboda dariyar da yake dannewa. Daga ƙarshe ya gyara zama ya ce, "Yari, ban hana ka neman abinci ba. Amma kak ka yi musu huska. Ba ido, ba baki, ba hanci. Bar wa Mai halitta abinsa."

Yari ya karɓa, kuma wannan sharaɗi shi ya mayar da shi gwani. Tunda ba fuska, dole ya koyi kama mutum ta motsinsa. Sai ya zauna a bakin kasuwa yini guda yana kallon yadda wani yake jefa ƙafa, yadda wata take karkata wuya idan an taya kayanta da arha. A Tsafe akwai wani mahauci, Jatau, mai tumbi, wanda idan yana sauri sai tumbin ya riga shi isa. Yari ya sa shi a ƙwarya yana bin bunsuru. Ba suna, ba fuska, amma duk wanda ya leƙa sai ya faɗi ƙasa yana cewa, "Jatau na, wallahi Jatau na!" Jatau ya zo da wuƙarsa zai yi faɗa, aka lallashe shi ya leƙa tukuna. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya miƙe ya ce bunsurun dai bai kai nasa ƙiba ba. Tun daga ranar tsoka ba ta yanke wa Yari a Tsafe ba.

Haka suka yi shekaru suna zagaya kasuwanni, aka daina ce masa gyartai aka koma Yari mai ƙwarya mai rai. Rabin mutanen ƙasar sun shiga ƙwaryarsa, har da waɗanda ba su so ba. Wata rana a hanyar dawowa daga Gusau, Luba ta yi magana daga bayansa.

"Maigida, ni yaushe za ka sa ni ciki?"

Bai ko waiwaya ba ya ce, "Ke ba abin dariya ba ta."

Ya faɗa ne don ƙauna, wannan ba shakka. A ransa yana ganin 'yan kasuwa sun durƙusa suna ƙyalƙyala wa ƙafar matarsa dariya, abin da ba zai iya ɗauka ba. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba. Shi a zatonsa ta ji daɗin amsar.

Shekarar marisuwa, murar nan da ta share gidaje, ta shigo Karakkai bayan kaka. Kwana huɗu Luba ta yi a kwance, rana ta biyar aka kai ta. Yari ya rataye ƙoransa a ɗaki ya koma ɗinki, shekara biyu bai taɓa su ba. Daga baya ya sauko da su don mutane sun dame shi, ya koyi murzawa da kansa gwargwadon hali, amma kowa ya san kwaɗon ba ya dira kamar da. Ma'u ta yi aure a Damba, gefen Gusau, gida ya rage daga shi sai ƙorai.

Lokacin da aikin hanyar jirgin ƙasa ya kusanto Gusau, Sabon Gari ya cika da baƙi, Yari ya kan kai musu abinsa su leƙa. Wani lebura da ya taɓa zama Ikko ya gaya masa cewa a can Turawa suna yin irin wannan a jikin bango, mutane manya-manya suna tafiya, kuma inji ne yake juyawa. Yari ya jinjina kai ya ce Allah ya ba su sa'a. Abin da ya dame shi a lokacin ya fi Ikko kusa. Farar yana ce ta fara rufe masa ido, na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana ganin duniya kamar ta cikin ruwan tsari. Zare ya daina shiga masa basilla sai da lalube.

A nan ne tambayar Luba ta dawo masa, bayan shekara goma da rasuwarta, ta zauna masa a ƙirji ta ƙi tashi. Ya sa Jatau da bunsurunsa, ya sa masu tallar fura, ya sa har karen maƙwabta, amma matar da ta fara ganin ɗigon ya yi tsalle ba ta cikin ko ɗaya. Ya ƙudura a ransa cewa kafin idon hagu ya bi ɗan'uwansa, sai ya ga Luba tana tafiya a cikin ƙwarya. Ba don kasuwa ba, don kansa.

Ya zaɓi ƙwarya mafi kyau da ya taɓa riƙewa, fara, mai kauri, ba tabo. Wata guda yana aiki a tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi, hancinsa kamar zai taɓa wuƙar, har sau biyu yana ƙona gira. Mace siririya da kwando a ka, hoto goma sha biyu, kowane ya ɗara na baya da tsinke ɗaya. Ranar da ya gama ita ce ranar da Ma'u ta iso, ta zo ne ta tafi da shi Damba don ta ji labarin idon. Bai bari ta ko sha ruwa ba ya zaunar da ita, ya murza, ya ce ta leƙa.

Ta leƙa ta yi murmushi. "Kai, Baba, ta iya tahiya. Wace ce?"

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. Ya ce, "Dubi da kyau dai. Kwandon ma ba ki gane ba?"

Ma'u ta sake leƙawa, murmushin ya gushe. Ta ɗago a hankali ta ce, "Baba, in Inna kaka nuhi, wagga ba Inna ba ta. Wagga lahiyarta lau."

Gaskiya ta faɗa, ya gyara matar, kamar yadda yake gyara duk abin da ya zo hannunsa a karkace. Ya ce to zai sake, ya rufe ido don ya kirawo tafiyar Luba ya duba ta sosai. Sai ya ga Luba a zaune tana kaɗi. Ya ga Luba a zaune tana murza ƙwarya, ya gan ta a zaune tana tsefe wa Ma'u kai. Ya nema ya nema, babu Luba a tsaye tana taku ko sau ɗaya. A gida ya kan kawar da ido don kada ta ji kunya, a hanya kuma tana bayansa. Mutumin da ya san yadda kowane mahauci da dillali yake jefa ƙafa daga Bunguɗu har Tsafe, shekara ashirin yana tare da matarsa bai taɓa ganin tafiyarta ba. Baƙin cikin da ya kama shi a ranar ya fi na ranar jana'iza, don wancan Allah ne ya yi, wannan kuwa shi ya yi da kansa.

Ya ce wa Ma'u ta tashi ta gwada masa. Ta miƙe tana jin nauyi, ta ja ƙafa ɗaya ta karkace, abin ya fito kamar na yara masu tsokanar gurgu. Tun kafin ya hana ta ta tsaya da kanta, ta ce ita in ta gani za ta gane, amma ba ta iya yi ba. Yari ya kife ƙwaryar, ya ce ta haɗa masa kayansa.

Washegari da sassafe suka kama hanyar Gusau, shi a gaba da sandarsa, Ma'u a baya da ƙunshin ƙorai a ka. Rani ne, gulbi ya janye, suka sauka suna bin rairayi don ya fi sauƙin taku. Sun yi nisa sai ya ji ta daina biyo shi.

"Baba, tsaya."

"Mi ya hwaru? Kin gaji?"

"Tahi in gani. Taku goma kaɗai."

Ya yi tsaki, amma ya tafi. Da ya juyo sai ya hangi dishi-dishinta ta sauke kaya ta dafe baki.

"Baba, wa kaka jira?"

"Jira kamar ƙaƙa?"

"In ka yi taku guda sai ka ɗan dakata, kana ka yi na biyu gajere. Tun da munka hito haka kaka yi. Baba, ba kowa bayanka sai ni, ni kuwa ƙahwata lau."

Ta kamo hannunsa ta mayar da shi baya, ta durƙusar da shi a kan sawunsa. Ya shafa rairayin da tafin hannu. Taku ɗaya dogo, sai wani gajere wanda ya nutse sosai, alamar mai shi ya tsaya a kansa. Dogo, gajere mai zurfi, dogo, gajere mai zurfi, haka suka jeru har inda hannunsa ya kai. Shi ba ɗingishi yake yi ba, ƙafafunsa garau suke. Shekara ashirin kunnensa yana jin jan ƙafar nan a bayansa, ƙafafunsa suna dakata mata ba tare da sun yi shawara da shi ba, kuma shekara goma bayan an binne ta ba su daina ba. Ya zauna daɓas a kan rairayin ya yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti sai kafaɗa. Da ya gama ya ce wa Ma'u ta samo masa kara. Ya auna dogon takun ya karya, ya auna gajeren ya karya, ya sa su a jaka.

A Damba, mijin Ma'u ya nemo masa sabuwar ƙwarya, aka share masa wuri a gindin katanga inda hantsi yake sauka. Wannan karon bai fara da wuƙa ba. Sai ya miƙe ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida yana saurarar ƙafafunsa, yana ƙirga inda suke tsayawa, matan gidan suna leƙe suna cewa tsohon ya fara ruɗewa. Daga nasa takun ya gane lokacin, wato inda Luba take sauri da inda ƙafarta take maƙalewa. Sauran kuwa Ma'u ce ta cika masa, don da ta ga zanen gwajin da ya yi da gawayi sai abubuwa suka riƙa dawo mata: kafaɗar hagu tana sauka, hannu yana tashi ya tare kwando, kai kuma ba ya taɓa sunkuyawa.

Wurin da ya sha wuya shi ne hoto na bakwai da na takwas da na tara. A nan ƙafar take maƙalewa, dole hotuna uku su tsaya kusan wuri ɗaya, sannan na goma ya yi tsalle ya cike giɓin. A dokar Yari wannan ɓarna ce tsagwaronta. Sau uku hannunsa yana kaiwa ga tsinken awo da kansa. A na huɗu ya ɗauki tsinken da ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki da irinsa, ya jefa a garwashin da yake gasa wuƙa, ya zana su a karkace yadda suke.

Ya gama ranar wata Laraba da hantsi. Ya soka ƙwaryar a kan sanda, ya ce wa Ma'u ita za ta murza, don ita ma kaɗi take yi, hannun uwarta ta ɗauko. Ta ce ya bari ta fara leƙawa ta gaya masa ko ya yi. Ya ce a'a.

Ya kwanta rub da ciki a ƙasa, tsoho da shi, ya kai idon hagu bakin taga. Ma'u ta murza. Da fari hazo kawai ya gani yana wucewa, ya ce a ransa ya makara. Sai hazon ya tattaru ya zama inuwa, inuwar ta ɗauki kwando. Ba ya ganin layin zanen, amma dama shi bai taɓa buƙatar fuska ba. Ta jefa ƙafar dama, ta hagu ta maƙale, kafaɗa ta sauka, hannu ya tashi ya tare kwando, sannan ta fizgo ƙafar ta ci gaba, kai a miƙe. Babu abin dariya a ciki ko kaɗan. Tafiya ce ta mace da ta bi miji Tsafe da ƙafa ɗaya da rabi, sau ba adadi, ba ta taɓa cewa a tsaya a huta ba.

"Ashe haka kike tahiya," ya ce, ba da Ma'u yake ba.

Ma'u tana jin haka hawaye suka zubo mata, hannunta ya ƙara sauri ba ta sani ba. Yari bai ɗaga ido daga tagar ba, ya lalubo wuyan hannunta ya riƙe a hankali.

"Sannu-sannu, ɗiyata," ya ce. "Kak ki gaggauta ta. Ina jiran ta."